Makwancin Fijo

Ran da na sai da Fijo ban iya cin tuwo ba.
Wani ɗan Jibiya ya ƙirga kuɗi a kan bodinta,
ya ɗaura mata igiya, don tashi ta ƙi,
kamar ta san wannan fita ba dawowa.

Ta bar mini gareji a Ƙofar Marusa,
da tabon baƙin mai, faɗin faifai, a siminti.
Wata bakwai kwaɗo na rataye, ban taɓa shi ba.
Ina gindin bedi, ni da rediyo,
ina ƙirga babura da masu wucewa.

Indo ce ta ajiye mini kunu ta ce,
"Malam Barau, zama na cin ka
yadda gara ke cin azara.
Ko ka nemi abin yi, ko ka fara ruɓewa."

Na buɗe ran Asabar.
Zanzaro ya gina unguwa guda a kusurwa,
gizo-gizo ya rataya labule,
ga tsohuwar taya, ga batir da ya mutu da daɗewa.
Kwando goma sha ɗaya na kwashe na shara
kafin na ji ɗakin yana numfasawa.

Duhu ne abokin gabana na farko.
Na auna taku uku daga ƙofa, na ja layi da gawayi,
na hau bangon gabas da guduma da kurfi.
Bulo huɗu suka fita lafiya, na biyar ya sauka a ƙafata.
Sallau mai walda ya haɗa mini taga da ragowar rodi,
bai karɓi ko sisi ba, dariyar da ya sha ta ishe shi.
Da safe rana ta shigo ba sallama,
ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa ba niyyar tashi,
na ce, zauna, ke ba baƙuwa ba ce, 'yar uwa.

Tsohon ƙyauren ɗakin girki ya zama tebur.
Ƙafa huɗu na yanka, uku suka haɗa baki,
ta huɗu ta ce ba da ita ba.
Na rage wannan, waccan ta yi tsawo,
na rage waccan, wannan ta ɗaga.
Da tebur ya kusa komawa kujerar tsugunno
na naɗe kwalin sabulu na cusa,
magana ta ƙare, ya daina rawa.

Na kafa falanki a bango, na jera ƙusoshi,
na zagaye kowane ƙarfe da alli:
zarto, filaya, gizago, magagari, sukudireba.
Duk wanda aka ara, inuwarsa na nan tana kai ƙara.
Gwangwanin madara na ƙusa 'yar inci biyu,
na tumatir na noti da washa.
Tayar nan na saƙa mata igiya ta zama mazauni.
Farantin sola ƙarami a kan kwano,
ƙwai ɗaya, fanka ɗaya,
a kawo wuta, a ɗauke, ba ni da damuwa.

Babban yatsana ya yi baƙi sau biyu, farce ya fita.
Indo na shafa man kaɗanya tana cewa, "Wa ya aike ka?"
Na ce, "Ke."
Kujerar da na yi mata tana ɗingishi,
amma a kanta take tankaɗe, ta ƙi sauyawa.

Tabon man nan na bi shi da toka, da yashi, da kalanzir,
ya ƙi fita, na gaji da gogewa.

Jiya jikata Nasiba ta leƙo ta taga:
"Kaka, ina motar da ke kwana nan?"
Na ɗauki guntun maɗaci, na fere, na goge,
na yanko taya huɗu daga tsohon silifa,
murfin kwalba biyu suka zama fitila.
Ta ja ta da zare, ta zagaye tebur sau uku
tana ƙugin inji da baki,
sai ta kai ta daidai kan tabon,
ta yi ribas, ta gyara mata tsayuwa,
ta ce, "Kar ka taɓa, ta gaji, barci take."
Na kashe ƙwai, na ja ƙofa a hankali,
na bar ta cikin ƙamshin katako tana hutawa.